Katin taɓawa da eriya mai juya sigina: za a iya karanta kati daga nisan mita ɗaya?

ƊanGareji ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ana so a sa ƙofar shiga wani wurin aiki mai ma'aikata kusan ɗari biyu, kowa da katinsa irin wanda ake karawa jikin na'ura ba sai an zura ba, mai aiki a megahaz 13.56. Da safe layi yana tsawo saboda sai kowa ya tsaya ya ciro kati. Na ci karo da takardun haƙƙin ƙirƙira na Amurka da ke bayanin eriyar da take juya siginarta ta bi inda kati yake, ba tare da ita kanta ta motsa ba. Tambayoyina biyu ne. Na farko, idan aka haɗa irin wannan eriya da na'urar karatun da ake da ita, za ta karanta kati yana cikin aljihu daga nisan mita ɗaya? Na biyu, in mutum ya kwaikwayi zanen da ke cikin waɗannan takardu, ya taka doka? Na'urar gwajin da ke hannuna MFRC522 ce, ko santimita 3 ba ta cika kaiwa in an ɗaura ta a jikin ƙofar.

Mai_Koyil ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Amsar ta farko a'a ce, kuma ba don na'urarka mai araha ba ce. Abin da ke cikin katinka sunansa eriya, amma aikin taransfoma yake yi. Koyil ne na siririyar waya mai zagaye uku zuwa biyar a gefen katin, na'urar karatu ma tana da nata koyil, iska ce kawai a tsakaninsu maimakon ƙarfe. Katin ba shi da batir, daga maganaɗisun na'urar yake shan wuta. In zai ba da amsa kuma ba ya watsa komai, ƙara nauyin da yake ja yake yi yana ragewa, sau 847,500 a daƙiƙa, na'urar ta ji canjin a nata koyil. Kamar yadda janareta ke canza kuka in an kunna dutsen guga.

To juya sigina yana yiwuwa ne kawai in siginar ta rabu da eriya ta zama igiyar rediyo mai tafiya. A megahaz 13.56 tsawon zango mita 22 ne da ɗan kai, kuma sai an wuce kusan mita 3.5 daga koyil kafin a fara maganar igiya mai tafiya. Duk abin da ke ƙasa da haka maganaɗisu ne da ke manne da koyil, ba shi da harshe, wato siririn ɓangaren da sigina ke fita da ƙarfi, da za a karkata. Ko da za a yi, eriyoyin da ake jerawa don juya sigina ana ba su tazarar rabin zango, wato mita 11 a nan. Guda huɗu sun ci mita 33. Wace ƙofa ce za ta ɗauka?

Sannan ƙarfin maganaɗisun yana zubewa da sauri. In an yi nisa da koyil, ninka nisa sau biyu yana rage ƙarfin sau takwas, ninka shi sau goma yana rage shi sau dubu. Ƙa'idar ISO/IEC 14443, wadda katinka ke bi, ta ce kati ya yi aiki a tsakanin amfiya 1.5 zuwa 7.5 a kowace mita, kuma an tsara ta ne don nisan da bai wuce santimita 10 ba. A 2006 masu bincike a Jami'ar Tel Aviv sun haɗa babban koyil da amfilifaya don ganin iyakar nisan da ɓarawo zai iya karanta kati, sun tsaya wajen santimita 25.

Amma santimita 3 ɗin nan naka yana gyaruwa, kuma kalmar "jikin ƙofar" ce ta tona asirin. In ƙofar ta ƙarfe ce, maganaɗisun yana haifar da wuta mai kewayawa a cikin ƙarfen, ita kuma tana tura nata maganaɗisun sabanin naka. Ƙarfi ya ragu, kuma tashar da aka saita koyil ɗin, wato megahaz 13.56, ta gusa sama. Ga yadda ake bi:

Fara ɗaga na'urar daga ƙarfen da katako ko roba mai kaurin santimita 2 zuwa 3, ka sake gwadawa. In babu sarari, sa farantin ferait (wani baƙin abu mai tattara maganaɗisu) a bayan koyil, wanda ya ɗan fi koyil ɗin faɗi. Ka sani shi ferait akasin ƙarfe yake yi, yana jawo tashar ƙasa, don haka dole a sake saiti bayan an manna shi, kuma a yi saitin na'urar tana ɗaure a inda za ta zauna, da murfinta. Saitin da aka yi a kan tebur ba ya aiki a jikin ƙofa.

Wajen saitin, ƙaramar na'urar auna eriya da ake kira NanoVNA ta isa. Cire haɗin cif ɗin daga layin eriya, ka duba inda layin ya nutse a allo. In ya nutse sama da 13.56, ƙara kafasitar da ke gefen koyil kaɗan-kaɗan, fikofarad 5 zuwa 10 a lokaci guda. In ƙasa ne, rage. Ka yi amfani da kafasita nau'in C0G, wadda wasu ke rubutawa NP0. Nau'in X7R yana canza ƙima da zafi, shi ya sa za a ga na'ura tana karatu da asuba, da azahar ta ƙi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cire rezistocin da ke jere da koyil don a ƙara ƙarfi. Ƙarfin zai ƙaru, karatu ya lalace. Dalili: a nau'in A na ƙa'idar 14443, na'ura tana magana da kati ta hanyar ɗauke wuta na kusan mikrosakan 3. In Q na koyil, wato ma'aunin yadda wuta ke daɗewa tana kaɗawa a cikinsa, ya yi yawa, wutar ba ta mutuwa cikin wannan ɗan lokaci, tana ci gaba da kaɗawa kamar ƙararrawa, katin bai ga giɓin ba. Lissafin 13.56 sau 3 yana ba da kusan 40, shi ya sa ake tsayar da Q wajen 35 ko ƙasa in ana aiki da saurin kilobit 106 a daƙiƙa.

Girman koyil ma yana da lissafi. Don nisan da kake so, rabin faɗin koyil ya zama wannan nisan sau 1.4. Kana son santimita 5, to koyil mai faɗin santimita 14 ke nan. Ɗan koyil ɗin da ke kan allon MFRC522 na kasuwa bai kai haka ba, kuma cif ɗin mai bolt 3.3 ba zai ciyar da babba yadda ya kamata ba. Santimita 4 zuwa 5 a sarari shi ne rabonsa.

Injiniya_Zango ya rubuta:

Malam Mai_Koyil ya rufe ƙofa ɗaya, bari in nuna wadda take buɗe. Takardun da ɗan'uwa ya gani, in suna maganar juya sigina a bi kati, to kusan tabbas na zangon UHF ne: megahaz 865 zuwa 868 a Turai, 902 zuwa 928 a Amurka, ƙa'idar EPC Gen2 wadda ta zama ISO/IEC 18000-63. A nan tsawon zango santimita 33 zuwa 35 ne, kati yana amsawa ta hanyar mayar da igiyar da ta buge shi, kamar madubi da hasken tocila, kuma ana karantawa daga mita da yawa.

Dabarar juyawar tsohuwa ce, Karl Ferdinand Braun ya nuna ta a 1905 da eriya uku. Ana jera eriyoyi, a ba su sigina ɗaya, amma kowace a jinkirta mata kaɗan fiye da maƙwabciyarta. Ta ɓangaren da igiyoyin suka iso tare sai su haɗu su yi ƙarfi, ta sauran ɓangarori su kashe juna. Lissafin jinkirin a digiri: 360 sau tazarar eriyoyi, a raba da tsawon zango, a ninka da sin (wanda ke kan kalkuleta) na kusurwar da ake so. In tazarar rabin zango ce, wato santimita 17.3 a megahaz 866, kuma ana son karkata digiri 30, jinkirin digiri 90 ne. Ta farko 0, ta biyu 90, ta uku 180, ta huɗu 270. Eriya huɗu a jere suna ba da harshe mai faɗin digiri 26 ko kusa.

Hanya mafi sauƙin ginawa ita ce wadda Jesse Butler da Ralph Lowe suka wallafa a 1961, ana kiranta da sunan Butler. Mai ƙafa huɗu tana da marabar sigina huɗu masu digiri 90, da layin jinkiri biyu masu digiri 45, duk zanen tagulla ne a kan allo, babu abin da ke cin wuta. Kowace ƙafa ka shigar da sigina, harshen yana fita ta wata fuska: digiri 14.5 dama ko hagu, ko digiri 48.6 dama ko hagu. Yawancin na'urorin karatun UHF na ƙofa dama suna da mafitar eriya huɗu da suke bi ɗaya bayan ɗaya, don haka ka haɗa kowace mafita da ƙafa guda, juyawar ta zama kyauta, kuma lambar mafitar da ta ji katin tana gaya maka ɓangaren da mutum yake.

Inda ake faɗuwa:

Wayoyin da ke tsakanin allon da eriyoyi dole tsawonsu ya zama ɗaya. A cikin wayar eriya nau'in RG-58 igiya tana tafiya da kashi 66 cikin ɗari na gudunta a sarari, tsawon zango ya koma kusan santimita 23, don haka bambancin santimita 1 kacal ya zama kuskuren digiri 16. Harshen ya karkace, ƙananan harsuna na gefe su kumbura, a fara karanta katin mai shara da ke bayan gini.

In aka buɗa tazarar ta wuce rabin zango sosai don a sami siririn harshe, wani harshe na biyu mai ƙarfi iri ɗaya yana ɓullowa ta wata fuska da zarar an karkata.

Eriya huɗu suna ƙara desibel 6, wato ƙarfi ninki huɗu. Doka kuwa abin da ya fita sama take aunawa, wat 2 ERP a tsarin Turai, wat 4 EIRP a na Amurka (ma'aunai biyu ne na ƙarfin da ke fita daga eriya), don haka sai an rage ƙarfin na'urar daidai da ƙarin. Ma'ana juyawa ba ta ƙara maka nisa a bisa doka, tana ba ka sanin inda kati yake ne da rage wuraren da sigina ke mutuwa. Kuma a kula wajen saye: na'urar da aka saita wa Amurka tana hawa kan zangon wayar salula na GSM 900 da ake amfani da shi a Najeriya da Nijar. A nemi mai zangon Turai, a kuma tabbatar da izini daga NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ko hukumar ƙasar da za a kafa.

Babbar matsalar ita ce aljihu. Jikin mutum ruwa ne, yana shanye UHF, kuma yana gusar da saitin eriyar katin. Kati a aljihun baya, mutum yana fuskantar eriya, sau da yawa ba za a ji shi ba. Sai dai a rataya shi a wuya cikin gidan roba mai ɗan kauri da zai raba shi da ƙirji, eriyar kuma a ɗaura ta sama tana kallon ƙasa a karkace. Akwai kati mai cif biyu, UHF da 13.56 a jiki ɗaya, shi ya fi dacewa da wurin da ke son riƙe tsofaffin na'urorinsa.

ƊanGareji ya rubuta:

Allah Ya saka da alheri. Ƙofar ta ƙarfe ce kuwa. Saura batun doka, don in za a buga allon Butler ɗin nan a sayar wa wasu, ba na son a wayi gari da sammaci.

Lauyar_Fasaha ta rubuta:

Malam, abu uku ake dubawa a kowace takarda: a ina aka ba da ita, tana da rai ko ta mutu, kuma me ta yi da'awa.

Haƙƙin ƙirƙira ba ya tsallake iyaka. Takardar Amurka a Amurka take aiki: ƙerawa, sayarwa, amfani ko shigo da kaya can. Ba ta hana kowa komai a Kano sai in mai ita ya yi rajista a Najeriya ƙarƙashin dokar 1970 ta haƙƙin ƙirƙira da zane. Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar haƙƙin ƙirƙira mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke ɗaure dukan ƙasashen ƙungiyar. Ghana da Sudan suna cikin makamanciyarta ARIPO ta Harare. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya, nata ofishin daban ne a Abuja, kuma yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce. Don haka takardar Najeriya tana iya kasancewa a hannun mutum amma ta rushe a kotu.

Rayuwarta shekara 20 ce daga ranar shigar da buƙata. Tsofaffin na Amurka, waɗanda aka shigar kafin 8 ga Yunin 1995, ana lissafa musu shekara 17 daga ranar bayarwa, ko 20 daga shigarwa in ta fi tsawo. Wasu suna mutuwa tun kafin lokaci saboda rashin biyan kuɗin sabuntawa, wanda a Amurka ake biya a shekara uku da rabi, bakwai da rabi, da sha ɗaya da rabi. Da wannan ma'auni, tushen fasahar duka ya zama na kowa. Takardar Mario Cardullo mai lamba 3,713,148 ta 1973, kan na'urar da ke amsa rediyo tana da ma'ajiyar bayanai; ta Roland Moreno ta 1974 a Faransa kan kati mai cif; na Jürgen Dethloff da Helmut Gröttrup na ƙarshen shekarun 1960; ta Van Atta ta 1959 kan jerin eriya mai mayar da sigina inda ta fito; duk sun daɗe da ƙarewa. Tsarin Butler na 1961 ma haka.

Abin da ke da rai yanzu ƙananan dabaru ne da aka ɗora a kai: yadda manhaja ke zaɓar harshen da za ta bi, yadda ake gane mutum shiga yake ko fita daga jerin harsunan da suka ji shi, yadda ake haɗa cif da koyil a cikin kati ba tare da dalma ba. A nan ake karanta da'awa. Mutane suna tsorata da zane da dogon bayani, alhali su ba su ɗaure kowa. Sashen ƙarshe mai lambobi, shi ne shingen gonar. Ka ɗauki da'awa ta 1 da duk wata da ba ta jingina da wata ba, ka rarraba ta gaɓa-gaɓa. In ta lissafa abu biyar, naka yana da huɗu, a ƙa'ida ba ka shiga gonar ba, sai dai kotunan wasu ƙasashe suna kama wanda ya musanya gaɓa da makamanciyarta don zillewa. Ka kuma duba harafin da ke bayan lamba. A takardun Amurka A1 buƙata ce da aka wallafa bayan wata 18, ba a ba da komai ba tukuna. B1 ko B2 ita ce wadda aka bayar, kuma da'awarta kan fi ta buƙatar ƙunci nesa ba kusa ba.

Wajen nema a Espacenet ko Google Patents, shafukan intanet na binciken waɗannan takardu, lambar rukuni ta fi kalmomi amfani: H01Q 3/26 don juya sigina ta hanyar jinkiri, G06K 19/077 don ginin kati da eriyarsa, G06K 7/10 don na'urar karatu. Espacenet tana nuna dangin takarda, wato ƙasashen da aka shigar da ita, amma kada a dogara da ita kan Najeriya, a sa wakili ya bincika a ofishin.

Suna kuwa ba ya mutuwa da shekara 20. MIFARE tambarin kasuwanci ne na NXP, ba a buga shi a jikin kaya ba da izini ba.

Mai_Koyil ya rubuta:

Hajiya ta gama magana. Ƙari uku kawai, don akwai wata hanya a tsakiya da ban ambata ba, kuma ita ce ke sa wasu takardun 13.56 su yi kama da masu juya sigina.

Akwai ƙa'idar ISO/IEC 15693, tasha ɗaya da katinka amma cif ɗinta yana farkawa da maganaɗisu kaɗan, gudunta ma ƙasa ne sosai. Ita ce a ƙofofin ɗakunan karatu, inda ake tsayar da manyan koyil biyu hagu da dama, tazarar kusan mita ɗaya. Matsalarta fuskar kati: in layukan maganaɗisu ba su ratsa ta cikin zagayen koyil ɗin katin ba, suka bi ta gefensa, ba ya samun wuta ko yana tsakiyar ƙofar. Maganin da aka ƙirƙiro shi ne a sa koyil fiye da ɗaya masu fuska daban, ko dai a riƙa kunna su bi da bi, ko a ciyar da biyu tare da bambancin digiri 90 sai maganaɗisun ya riƙa juyawa a wurin. Wannan juya fuskar maganaɗisu ne a cikin ƙofa, ba tura shi nesa ba. Kuma katin 14443 da ke hannun ma'aikatanku ba zai amsa wa wannan ƙofa ba, sai an sauya kati.

Na biyu, tunda sauya kati ya shigo, a duba wane iri ne yanzu. Na'urarka tana nuna SAK, wata 'yar lamba mai nuna nau'in kati, bayan ta zaɓi kati. In ka ga 08, galibi MIFARE Classic 1K ne. Wannan ya fito a 1994, makullinsa Crypto-1 mai bit 48, kuma an fasa shi a bainar jama'a tsakanin 2007 da 2008, aikin Karsten Nohl da Henryk Plötz, sannan masu bincike na Jami'ar Radboud a Holan. Mafi muni shi ne tsarin da lambar UID, wato lambar shaidar kati, kawai yake dubawa, don ana sayar da katin da ake rubuta masa kowace UID. Katin UHF na yau da kullum ma lambarsa a buɗe take ga duk mai na'ura, daga nesa kuma. Ga ƙidayar masu shiga ya wadatar. Ga ƙofar ma'aji ko ɗakin kuɗi, a bar taɓawa a wurinta da kati irin DESFire mai tsarin kulle bayanai na AES mai bit 128, kowane kati da makullinsa da aka samo daga babban makulli.

Layin safe kuma, kafin a kashe kuɗin UHF a auna inda lokacin ke tafiya. Musayar kati da na'ura ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Abin da ke cin lokaci shi ne laluben walat, da kati biyu a manne: koyil biyu kusa da juna suna jan tashar junansu ƙasa, su raba wutar, na'ura ta yi ta ƙoƙarin rarrabe su. Gidan kati na ratayawa ga kowa, na'ura ta biyu a ɗaya gefen ƙofar a tsayin kusan santimita 110 daga ƙasa, a bar aƙalla rabin mita tsakanin na'urorin biyu don kada maganaɗisun ɗaya ya shiga na ɗayar.